Mutumin da ke Cikin Fayil

"Yau ɗin nan za ta bar min gida! Yau, ba gobe ba!"

Mai gidan hayar ne yake ɗaga murya a barandar hawa na biyu, ya naɗe ƙafar wando, ruwa na bin matakala yana gangarawa ƙasa.

Ni kuwa ina tsaye na tare ƙofar ɗakin, jakar aiki a ƙirjina.

"Alhaji, don Allah ka saurare ni..."

"Na gaji da saurare, Malama! Kwalaye a hanya na yi shiru. Ƙofa a buɗe dare da rana na yi shiru. Yanzu kuma ta bar famfo ya jiƙa wa mutanen ƙasa katifa!"

Na waiwaya na dubi Iya. Tana zaune a kan ƙullin kayanta, ta riga ta ɗaure shi tamau, kamar dama jiran wannan ranar take.

Aikina ke nan. Ofishinmu yana nema wa marasa matsuguni ɗaki, ni kuma in bi su har su zauna daram. Shekara goma sha ɗaya Iya ta yi tana kwana a bayan tashar mota. Wata takwas na kwashe ina yawo kafin in samar mata katin shaida, da takardar likita, da mai gidan da zai yarda ya karɓe ta. Ga shi ko sati uku ba ta cika ba.

"Alhaji, zo ka ga wani abu."

Daga banɗaki muryar ta fito. Wani dogon mutum ne ya leƙo, rigarsa jiƙe sharkaf, ya miƙo wata 'yar baƙar roba a tafin hannunsa.

"Robar famfon ce ta cinye. Ko wa aka sa a ɗakin nan sai ya yi yoyo. Tun watan jiya na faɗa maka a canza ta."

Alhaji ya juya robar, ya yi tsaki, ya dubi Iya ya dube ni.

"Wata ɗaya na ba ku. In na sake jin ƙorafi, ko uffan kada ki ce min."

Da ya sauka, na sauke ajiyar zuciya, na ce wa mutumin, "Malam, na gode. Allah ya saka."

Bai ɗago ba, yana ta mayar da sifanoninsa cikin akwati.

"Ba ƙarya na yi masa ba, robar ta lalace. Amma ita ma tana barin famfon a buɗe."

"To me ya sa?"

"Shiru ne ya yi mata yawa. Wanda ya saba da ƙarar motoci, in aka rufe shi a ɗaki ji yake kamar an binne shi. Ki samo mata 'yar rediyo. Ki sauke katifar ƙasa, kusa da ƙofa. Kwalayen kuma kada ki zubar, a jera mata su a bayan gado."

Na tsaya ina kallonsa. Shekara uku ina wannan aiki, kwasa-kwasai babu irin wanda ban je ba, ba a taɓa faɗa min haka ba.

"Kai ta yaya ka sani?"

Ya ɗauki akwatinsa. "Na dai sani."

*

Shi ne mai kula da gyare-gyaren gidan: famfo, wayar wuta, makulli. Iya ta laƙaba masa Injiniya, ni ma na bi bakinta.

Duk Talata nake zuwa duba ta. Na sayo rediyon, muka sauke katifar, aka daina barin famfo. A hankali ƙofar ma ta fara rufuwa, rabi-rabi da farko. Watan Alhaji ya cika babu ƙorafi.

Abin da ban shirya masa ba shi ne yadda na koma ƙirga kwanakin da suka rage Talata ta zo.

Nakan tarar da shi a ɗakin yana ɗaure wani abu da bai kwance ba. Iya ta haɗa mana shayi a kan ɗan rishonta, tana yi mana kallon gefen ido.

"Injiniya, wannan makullin sau nawa za ka gyara shi? Ko dai ranar Talata kawai yake lalacewa?"

Ya sunkuyar da kai yana dariya, ni kuma na ƙware da shayi.

Daga nan hira ta koma matakala. Minti biyar, sai minti talatin, sai ga shi yana raka ni har bakin titi. Ba ya da yawan magana, amma duk abin da na faɗa yana riƙe da shi. Na taɓa cewa ƙafar kujerar ofishina tana rawa, washegari sai ga shi da guduma.

"'Yar ofis," haka yake tsokanata, "ke komai sai kin rubuta?"

"In ban rubuta ba, ai ba a yi ba."

"To rubuta wannan. Ina son ki."

Biro ya suɓuce daga hannuna ya gangara matakala uku.

Bai bar ni na amsa ba. Ya zauna a kan matakalar, ya haɗa hannuwansa.

"Kafin ki ce komai, akwai abin da ya kamata ki ji daga bakina. Kin taɓa tambayata yadda na san halin Iya."

"Na tuna."

"Shekara huɗu na yi a ƙarƙashin gada. Shagon da nake koyon aiki, a nan nake kwana, sai aka rushe layin gaba ɗaya. Iyayena sun rasu, kunya ta hana ni zuwa wurin dangi. Daga baya ciwon ƙirji ya kama ni, kaina ma ya so ya taɓu. Ofishinku ne ya ɗauko ni, tun kafin ki fara aiki. Yau shekarata bakwai a ɗakina."

Na sunkuya na ɗauko biron.

Ba zan ɓoye ba, a wannan lokacin kaina ya shiga lissafin aiki. Yana shan magani? Yana da wanda zai kira in abu ya faru? Zai iya komawa? Tambayoyin da ke kan takardarmu suka jero kansu ɗaya bayan ɗaya.

Ya gani a idona.

"Abu ɗaya nake roƙo," ya ce a hankali. "In za ki ƙi ni, ki ƙi ni. Amma kada ki dube ni da idon aiki."

Kunya ta lulluɓe ni. Kullum ni ce mai gaya wa masu gidaje cewa mutum ya fi abin da ya same shi. Ashe faɗarsa a bakin ƙofar wani ya fi sauƙi.

Sati guda na yi ina juya maganar. Talatar da ta zagayo na same shi a kan tsani yana canza ƙwan fitila.

"Injiniya..."

"Na'am?"

"Na rubuta. Na kuma sa hannu."

Saura kaɗan ya faɗo daga tsanin!

*

A ofishinmu akwai Mataimakin Shugaba, abokin yayana ne tun suna makaranta. Ya daɗe yana nemana, ni kuma na daɗe ina ba shi haƙuri. Mutum ne mai tsafta da ƙamshi, amma in mutanenmu suka shigo ofis, sai ya sa a buɗe tagogi.

Ranar da ya ga Injiniya ya kawo min lema ana ruwa, ya bi mu da kallo. Murmushi kawai ya yi.

Bayan kwana huɗu, na dawo gida da yamma na tarar da falo ya yi tsit. Baba yana kujerarsa, Umma ta zuba tagumi, Yaya yana tsaye. A kan tebur akwai wasu takardu a maƙale.

"Auta, zo nan," in ji Yaya. "Wannan ne mutumin da kika ce zai zo gaida Baba?"

Na duba.

Hoton shafin farko na fara gani. Shi ne, amma a rame, gashi a cukurkuɗe, idanu sun faɗa. A ƙasa ga tambarin ofishinmu.

"Yaya, a ina ka samu wannan?"

"Ba shi na tambaye ki ba! Mutumin da ya kwana a bola? Wanda aka rubuta yana magana shi kaɗai? Duk mazan garin nan ki rasa wanda za ki kwaso mana sai wannan?"

"Ba shi da lafiya ne a lokacin..."

"Gobe in abin ya motsa fa? Ku koma ƙarƙashin gadar tare?"

Umma ta share ido da bakin mayafi. "Auta, aikin taimako daban, aure daban. Ki tausaya masa daga nesa mana, 'yar nan."

"Umma, ba tausayinsa nake ji ba. Son sa nake."

Yaya ya daka min tsawa har labule ya motsa. Baba ya tashi daga kujerarsa. Ya miƙa hannu ya tattara takardun, ya shige ɗakinsa.

Mutum uku ne kawai ke riƙe da makullin kabad ɗin fayiloli: ni, da Shugaba, da Mataimaki.

Da safe na shiga ofishin Shugaba na rufe ƙofa. Na san abin da zai biyo baya. Za a ce na haɗa soyayya da aiki, Yaya kuma ba zai yafe min tona asirin abokinsa ba. Amma mutum ɗari uku da wani abu ne a cikin kabad ɗin nan, kowa ya ba mu sirrinsa don mun rantse ba zai fita ba.

Da na gama faɗa mata komai, Shugaba ta cire tabarau ta dube ni.

"Shi wannan bawan Allah, fayil ɗinsa ya taɓa biyowa ta hannunki?"

"Ko sau ɗaya. An rufe shi kafin in zo."

"To ke babu laifi a kanki. Je ki, ki turo min Mataimaki."

Da ya fito daga wurinta, ya tsaya a gaban teburina, fuska a murtuke.

"Don na cece ki shi ne za ki saka min da wannan?"

"Ba ni ka ceta ba. Amanar mutum ka ɗauka ka kai kasuwa."

Abu mafi wuya shi ne gaya wa Injiniya. A matakalarmu na same shi, na faɗa masa komai, ban rage ba.

Ya dubi hannuwansa.

"Har hoton?"

"Har shi."

"Ranar da aka ɗauke shi, matar da ta rubuta ta ce min babu mai gani sai su." Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Na yarda kuwa."

"Ka yi haƙuri, masoyina. Wallahi zan tsaya..."

"A'a." Ya ɗago, idanunsa sun kaɗa. "Farin cikina, ke ba ki san rashin gida ba, a takarda kike ganinsa. Ni na sani. Ba rufin kwano ba ne kawai, mutanen ciki ne. Ba zan zama sanadin da za ki rasa naki ba."

"Ni fa? Ba za ka tambaye ni abin da nake so ba?"

Ya ɗauki akwatinsa ya sauka. Ina jin takunsa har ya fita ƙofar gida.

Washegari ya ajiye wa Alhaji aiki. Wayarsa kuma a kashe.

*

Sati biyu na yi kamar ba ni ba. A gida babu mai yi min magana sai Umma, ita ma sai a kan abinci. A ofis an dakatar da Mataimaki, wasu na yi min kallon wadda ta raba mutum da abincinsa.

Iya ma ta canza. Ta daina haɗa shayi.

"Ina Injiniya? Kullum da safe yakan ƙwanƙwasa ya ce, Iya kin tashi? Yanzu ko na mutu a ciki wa zai sani?"

Sai a lokacin na gane. Ni Talata kawai nake zuwa. Sauran kwana shidan shi ne yake riƙe da ita.

Ranar Asabar da hantsi Alhaji ya kira ni.

"Malama, tsohuwarki kwana biyu ba ta kwana a ɗaki ba. Ƙofa a buɗe, ƙullin kayanta babu. In ta bar ɗakin ne, ina da mai so."

"Don Allah ka ba ni zuwa yamma!"

Ina neman takalmi a gigice sai na ji muryar Baba a bayana. Rabon da ya yi min magana tun ranar takardun.

"Ina zuwa haka?"

Na faɗa masa.

Ya ɗauko makullin tsohuwar motarsa. "Mu je. Ina so in ga aikin nan da ya cinye min 'ya."

Muka duba asibiti, muka duba bakin kasuwa. Daga ƙarshe muka zagaya bayan tashar mota, inda ake jibge tsofaffin tayoyi, wurin da na fara ganinta.

Tana nan kuwa, a kan kwalinta na da.

Kusa da ita, a kan ƙasa, da wandonsa mai tsafta, Injiniya ne zaune.

Baba ya riƙe hannuna. "Tsaya tukuna."

Muka laɓe a bayan wata motar kaya, muna jin su.

"Ni nan na fi sabawa," Iya take cewa. "A nan ko ba komai ana ganina."

"Gaskiya ne, Iya. Ni ma sau biyu na gudo daga ɗakina a shekarar farko."

"To me ya mayar da kai?"

"Ruwan sama," ya ce. Ta tuntsire da dariya. "Da kuma wani abu. Na ga in na bar ɗakin, gobe in aka kawo wani irina, mai gida zai ce ai an gwada ba su zama. Ba ni kaɗai nake zaune a ciki ba."

Iya ta murza bakin zaninta.

"Kai ma ai guduwa ka yi. Ka bar ni, ka bar yarinyar nan tana ramewa."

Ya sunkuyar da kai, ta ci gaba.

"In na koma, za ka dawo kana ƙwanƙwasa min?"

"Zan dawo, Iya. Na yi kuskure da na ɗauke ƙafa."

Baba ya saki hannuna ya fita fili ya yi sallama. Injiniya ya miƙe zumbur, da ya gan ni a bayansa sai ya gane ko wane ne, ya durƙusa.

"Ina wuni, Baba."

"Lafiya lau. Tashi, ɗauko wa baiwar Allah kayanta, ga mota can."

A hanya babu wanda ya yi magana sai Iya, da ke ta yi wa Baba faɗan yana gudu. Muka hau da ita hawa na biyu, Alhaji ya leƙo ya gan ta, ya yi gunaguni ya koma.

Da muka sauko, Baba ya jingina da motarsa ya dubi Injiniya.

"Takardunka suna wurina. Ɗana shafi biyu ya karanta ya ajiye. Ni na karanta har ƙarshe, shafi arba'in da ɗaya. Na ga inda ka gama magani, na ga inda ka koma koyon sana'a, na ga inda aka rubuta an rufe. Bai kamata in karanta ba, don ba a ba ni izini ba. Ka yafe min."

"Haba Baba..."

"Zan dawo maka da su, naka ne. Amma ina da tambaya. Da aka taɓa ka, sai ka tattara ka ɓace. Gobe in rai ya ɓaci tsakaninka da Auta, haka za ka yi?"

Injiniya ya ɗago ya dubi Baba.

"Baba, na saba in abu ya yi zafi in janye, don a da babu mai nemana. Yanzu na ga akwai. Ba zan ce na iya ba, amma ina koyo."

Baba ya gyaɗa kai a hankali.

"Da ka ce min ka iya, da ban yarda ba. Akwai wani babba a danginka?"

"Akwai ƙanin mahaifina. Shekara uku ke nan da muka shirya."

"Ka ce masa ina son ganinsa."

Na juya baya na rufe fuska da mayafi, kukan da na riƙe sati biyu ya ƙwace min.

*

Umma ta sauko a ranar da ya zo gaishe ta. Ta yi niyyar ɗaure fuska, amma kafin ya tafi ta cika masa leda da abinci tana cewa ya rame. Mataimaki kuwa ofis ya sallame shi, aka kuma canza makullin kabad.

Yaya ne ya ƙi. Ya zo ɗaurin aure don Baba ya ce ya zo, ya tsaya daga baya, bai ba ango hannu ba. Abin ya ci min rai, don shi ya goya ni, shi ya fara kai ni makaranta.

Muka sami ɗaki biyu da falo a hawa na uku, a wani gida kusa da na Iya. Ranar kwashe kaya, motar da muka yi magana da ita ba ta zo ba. Muna tsaye a ƙofar gidanmu da katifa da kujeru a rana, Injiniya yana ta kiran waya.

Sai ga wata buɗaɗɗiyar mota ta tsaya. Yaya ya fito, bai kalli kowa ba, ya hau loda kaya.

Muka isa sabon gidan. Ya ɗaga kai ya dubi benen, ya yi tsaki.

"Duk gidajen ƙasa ba ku gani ba sai hawa na uku?"

Ya kama gefe ɗaya na kabad ɗin kayana, mai nauyin tsiya. Injiniya ya tsaya yana kallonsa, bai san ko ya matso ba.

"To me kake jira?" Yaya ya ce. "Kama can mana, surukina. Ni kaɗai zan kai wa matarka kaya?"

Suka ɗaga tare. Ina biye da su da fitilar tebur a hannu, ina jin su suna haki suna gardamar ta inda za a juya a kwanar matakala.